Na'urar raba hoto a bangon talabijin: abin da muka gani a Kaduna

Mai kula da ɗakin taro, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Muna shirin jera talabijin tara, uku-uku, su zama allo guda, kuma an ce sai mun sayi na'urar da ke karɓar hoto ta raba wa kowace talabijin kasonta. Waɗanda suka riga mu, me kuka tarar?

Mai haɗa na'urori, Barnawa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki fara da lissafi. Talabijin huɗu, biyu-biyu, masu piksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 1920 a faɗi da 1080 a tsaye suna haɗuwa su ba da 3840 da 2160, wato girman hoton da ake kira 4K cif, amma tara za su kai 5760 da 3240, don haka idan hoton da ke shigowa bai wuce 4K ba dole na'urar ta buɗa shi, kuma a nan ne mai araha take tona kanta, domin ƙananan rubutu kan yi dishi-dishi. Sai kuma firam ɗin da ke tsakanin allo da allo: a wani aiki da na yi a Kakuri, fuskar mai jawabi ta riƙa karyewa a mahaɗa har sai da na auna kaurin firam ɗin na shigar wa na'urar, ta ɓoye abin da ya kamata ya faɗa bayansa.

Mai gidan kallon ƙwallo, Tudun Wada:
Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai ni matsalata daban ce. Kwamfuta ta nuna lafiya lau, amma da na jona dikoda sai allon ya yi baƙi ƙirin, ashe na'urar ba ta fahimtar kariyar HDCP da ke hana kwafar shirye-shirye. Wadda na kawo a madadinta kuma tana tafiyar da allunan lokaci guda, ƙwallo ba ta tsalle idan ta ƙetara mahaɗa, abin da 'yan kallo ba sa yafewa.

Ma'aikacin ɗakin kyamarorin tsaro, Kawo:
Hajiya, a ganina duk wannan yana bayan batun wuta. Mun fara da irin wadda aka gina kan kwamfuta, mai buɗe tagogi da yawa yadda ake so, amma duk lokacin da aka koma janareta sai mu zauna jiran ta tashi alhali ba ma ganin ƙofar shiga. Wadda ba ta dogara da kwamfuta ba tana dawowa cikin daƙiƙu da tsarin da aka ajiye mata. Ki haɗa da UPS mai riƙe wuta idan an ɗauke, a riƙa kakkaɓe matatar iskar na'urar lokacin hunturu, kuma idan nisa ya yi yawa a bar doguwar wayar HDMI a koma HDBaseT, wanda ke kai hoto mita 100 ta wayar intanet irin Cat6.

Mai kula da ɗakin taro:
Na gode ƙwarai. Zan nemi dillalin ya jona dikodarmu a gabana, ya kashe wuta ya kunna, kafin mu yi ciniki.