Direban serial ɗina yana zubar da bayanai, don Allah ku taimaka

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Aikin kammala karatuna ne, ƙaramin OS (babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) nake rubutawa, yanzu ina kan direban serial, wato kod ɗin da ke karɓar bayanai ta tashar serial. Malamina ya sauya min batu bayan na yi nisa da na farko, tsohuwar kwamfutar da nake gwaji ma aro na yi wurin kawuna, ga shi ranar miƙa aiki ta matso. A QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, komai lafiya lau, amma a kwamfutar gaske COM1, wato tashar serial ta farko (adireshi 0x3F8, layin IRQ4), yana zubar da haruffa a gudun bit 115200 a daƙiƙa. Wani lokaci ma intarof ɗin (siginar da ke katse CPU don ya karɓi bayanai) ya ɗauke gaba ɗaya. Barci ya gagare ni.

Tsohon Hannu: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, lissafa. A 115200 da tsarin 8N1, kowane bayit bit 10 ne (1 na farawa, 8 na bayani, 1 na tsayawa), wato bayit 11520 a daƙiƙa, kusan maikrosakan 87 tsakanin bayit da bayit. Kana buga rubutu a allo daga cikin ISR, kod ɗin da ke amsa intarof, na rantse. Cire shi. Kwashe bayanan ka zuba a bafa mai zagaye, ka fita. Kuma kada ka fita sai bit 0 na IIR (rajistar da ke nuna ko akwai intarof mai jira) ya zama 1, domin 8259, cip ɗin da ke kula da intarof, gefen sigina yake kamawa. In ka bar saura, ba zai sake kiranka ba.

Mai tambaya: Yaya, layi ɗaya ne kawai nake bugawa don in ga abin da ke shigowa. Ba zan iya cire shi ba.

Mai Gyaran Allo: Ka sauka 9600 ka huta. Ni ma malamina haka ya wahalar da ni, har yau bai karanta kod ɗina ba, amma ya ba ni C.

Tsohon Hannu: Sauke gudu ɓoye ciwo ne. 16550A, cip ɗin serial, yana da FIFO (ma'ajiyar jiran layi) mai bayit 16. Ka kunna shi a FCR, rajistar da ke sarrafa shi? In ka sa matakin tada intarof a bayit 14, gurbi biyu kaɗai ya rage kafin ya cika. Sa 8. Duba bit na 1 a LSR, rajistar halin da layi ke ciki, shi zai gaya maka an yi ambaliya.

'Yar Kod: Ni RTS/CTS (siginonin da ke sa mai aikawa ya dakata) nake gani, ko ma ya bar intarof ya riƙa leƙa LSR. Wai girman bafarka nawa ne? Ba ka faɗa ba.

Tsohon Hannu: Hajiya, wayar serial ɗinsa mai zare uku ce, ina RTS zai bi?

Mai tambaya: Bafata ba ta da matsala, na gwada ta. Ni dai ina zargin wayar ce. Gobe zan sayo wata.