Feshin bango yana rage maleriya, ko wari kawai yake bari?

Uwargida: Salamu alaikum. Ni fa na daina yarda da feshin nan. An sa mun fitar da kaya waje, an feshe bango kaf, ba a rufa wata biyu ba autana ya kwanta, gwaji ya nuna maleriya. Ina amfanin wahalar?

Matashi: Hajiya, kin sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Kullum sai na fesa na gwangwani na rufe ɗaki, amma tsakar dare sauro na min kuka a kunne.

Ma'aikaciyar jinya: Allah ya ba shi lafiya, Yaya. Kai kuma ƙanina, naka daban ne. Na gwangwani sauron da ke shawagi a lokacin yake kashewa, kana buɗe ƙofa an koma gidan jiya. Na bango kuwa mannewa yake yi tsawon watanni. Macen sauro in ta ƙoshi da jini nauyi take yi, sai ta lafe a bango ta huta, a nan take taka maganin. Sau da yawa ta riga ta yi cizon kafin ta mutu. Amma ƙwayar cutar tana buƙatar kamar kwana 10 zuwa 14 a cikinta kafin ta iya sa wa wani. In ta mutu kafin lokacin, cutar ta mutu da ita.

Uwargida: Au! Ashe maƙwabcina nake karewa, ba ɗana ba?

Ma'aikaciyar jinya: Shi ma ke yake karewa, in ya bari an fesa nasa. Shi ya sa ake son feshin ya game aƙalla kashi 80 cikin 100 na gidajen yanki. Gida ɗaya tilo ba ya nuna komai.

Dattijo: 'Yata, bayaninki ya yi, amma kada a cika baki. A farkon shekarun 1970 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada wannan a ƙauyukan Garki, cikin jihar Jigawa ta yanzu, da maganin propoxur. Cizo ya ragu ƙwarai, cutar ba ta yanke ba, domin wani sauron yana cizo ya fice waje, bai ko kalli bango ba. Kuma lissafin da aka yi na 2000 zuwa 2015 a Afirka, cikin kamuwa miliyan 663 da aka kauce wa, gidan sauro ya ɗauki kashi 68, feshi kashi 10 kacal.

Ma'aikaciyar jinya: Haka ne Baba, sai dai waɗanda aka raba wa gidan sauro sun ninka waɗanda aka fesa wa gida nesa ba kusa ba. In ana son ganin ƙarfin feshi, a duba ranar da ya gaza. Afirka ta Kudu ta bar maganin feshi na DDT a 1996 ta koma wani magani, sauro ya bijire masa, maleriya ta ɓarke a lardinta na KwaZulu-Natal, dole a 2000 aka dawo da DDT.

Dattijo: To ai kin shigo layina. Abin da sai an yi ta maimaitawa, ana canza magani don kada sauro ya saba, ranar da kuɗi ya ƙare fa? A ƙasar Sri Lanka masu maleriya sun sauko har mutum 17 a 1963, aka sassauta, kafin shekarun 1960 su ƙare masu cutar sun koma dubban ɗaruruwa.

Matashi: Ni dai har yanzu kunnena bai ga canji ba.

Ma'aikaciyar jinya: Mai yawan kukan nan galibi ba shi ne mai maleriya ba, wani jinsi ne, kuma ya fi taurin kai ga magani. Yaya, tambaya biyu: yaron yana kwana cikin gidan sauro? Kuma an taɓa bangon bayan feshi?

Uwargida: Gidan sauron na naɗe shi, na ɗauka feshi ya wadatar. Bangon kuwa sati guda da yi na sa aka yi masa sabon fenti, warin ne ya dame ni. Amma ku gaya min, maƙwabtana uku da suka kulle ƙofa ranar feshin, su wa zai yi wa magana?