Neman kalmar Hausa: quilt da quilting, kafin Alhamis dan Allah

Uwar Biyu: Salamu alaikum jama'a. Ina da fassarar da za a naɗa ranar Alhamis da safe, shirin sana'o'i ne na rediyo, hira da wata Ba'amurkiya mai shagon kayan quilting a jihar Kentucky. Hirar ko minti 12 ba ta kai ba amma tun jiya kalma ɗaya ta tsaya min a wuya. Shi quilt ɗin abin rufa ne mai hawa uku, na sama ƙananan ƙyallaye ne da aka yayyanka aka harhaɗa suka ba da zane, na tsakiya auduga, na ƙasa yadi guda, sai a bi su duka da ɗinki ya ratsa ukun. Shi wannan ɗinkin na ƙarshe shi ne quilting. Matar kuma sai maimaita seam allowance take, wato ɗan yadin da ake bari tsakanin ɗinki da bakin ƙyalle, wai dole ya zama kwatan inci cif, ga kuma kukan ayyuka sun mata yawa, na kwastoma daban, na ratayewa a shago don talla daban, nata na kanta ta yi shekaru ba ta gama ba. Me zan ce da su?

Ɗan Kwari: Wa alaikis salam. Bargo mana Hajiya, me ye na wahala.

Uwar Biyu: Na sa bargo da farko, da na karanta da ƙarfi sai na ji kamar matar 'yar kasuwa ce mai sarin barguna lokacin sanyi. Ita fa yadi take sayarwa da zare da abin yanka, tana kuma koyar da ɗinkin.

Maman Ikram: Ba dubet ba ne? irin wanda masu zanin gado suke ɗinka wa amare da faiba a ciki

Telan Fagge: A'a Maman Ikram, sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Dubet yadi guda ne sama yadi guda ƙasa, ka zuba faiba ka bi da ɗinki, a wuni ɗaya sai ka yi uku. Wannan kuwa wahalarsa duk tana fuskar sama, ƙyalle ɗari biyu ɗari uku za ka haɗa kuma kowace kusurwa sai ta haɗu da 'yar uwarta. Batun seam allowance kuwa Hajiya ki huta, mu alawus muke cewa. "Ka bar masa alawus ko zai yi ƙiba."

Uwar Biyu: Haha Yaya ai in na ce alawus ɗin kwatan inci a rediyo masu sauraro za su zaci kuɗin zaman kwamiti ne aka rage.

Telan Fagge: To ki ce bakin ɗinki, ko rarar ɗinki. Amma ki gane nasu ba irin namu ba ne, mu muna barin inci guda ko fiye don a buɗe riga gaba, su kuwa ba don buɗewa ba ne, lissafi ne tsagwaronsa. Na taɓa gwadawa da ragowar atamfa lokacin da kasuwa ta yi sanyi bayan babbar sallah. In ka kauce da ɗaya cikin 16 na inci a ɗinki guda, to ɗaya cikin 8 ka ci, tunda ƙyalle biyu ɗinkin ya kama, layi mai ɗinki 8 kuwa ya rage inci guda cur, kana zuwa haɗa shi da layin ƙasa sai ka ga ɗaya ya fi ɗaya tsawo ka rasa inda ɓarnar ta shigo. Ni nawa sai da na farke shi sau biyu, a na uku na ce yara su shimfiɗa a ƙasa su riƙa zama.

Baba Mai Keke: Idonka na kan allura shi ya sa. Mai son ɗinki ya miƙe ba ya kallon allura, allura ta san hanyarta, bakin yadi ake kallo. Ka auna daga allura zuwa dama, ka liƙa salatif ninki huɗu ko biyar a kan farantin keken ya zama 'yar katanga, yadi ya riƙa bin jikinta. Kuma kar ka ja yadin ta baya, haƙoran keke ne ke da aikin ja. Haka muke koya wa yara tun a kan Singer baƙa.

Uwar Biyu: Baba Allah ya ƙara lafiya, wallahi kusan abin da matar ta faɗa ke nan, har da salatif ɗin. Ta ƙara da cewa a rage kaurin zare ɗaya daga kwatan, don in aka kwantar da ɗinkin da guga ninkin yana cin wani abu. Gwajinta shi ne a yanka tsiri uku masu faɗin inci ɗaya da rabi, a haɗa, a goge, na tsakiyar ya fito inci ɗaya daidai.

Malamin Hausa: Ku yi haƙuri in katse ku. Na karanta daga sama, na ga alawus, na ga dubet, na ga faiba, na ga kwata, na ga salatif, har mai ba da shawara ma sunansa tela. Wai neman kalmar Hausa ake yi ko jana'izarta? Kowa ya bar gida gida ya bar shi. Maɗinki ake cewa, rubu'i ake cewa. Hausa tana da hanyar ƙirar suna tata, ita ta ba mu faɗi-ka-mutu da taɓa-ka-lashe da a-kori-kura. A kan wannan ƙa'ida na ƙera wa quilt suna: haɗa-ka-lulluɓa. Ya ƙunshi aikin, ya ƙunshi amfanin. Hajiya ki ɗauka, ban ce ki ambaci sunana ba.

Ɗan Kwari: Haɗa-ka-lulluɓa?? Malam wannan ai kamar sunan cuwa-cuwar kwangila

Maman Ikram: 😂😂 ni kuma na ji kamar auren da aka ɗaura da daddare

Malamin Hausa: Dariya ba hujja ba ce. Ranar da aka fara cewa jirgin sama ma an yi dariya.

Ɗalibar BUK: Malam da girmanka, rubu'i ai Larabci ne. Allura ma daga al-ibra take, almakashi daga al-miƙass, katifa ma Larabci. In za a kori baƙi daga shagon ɗinki sai a bar mu da zare da hannu. Shi kansa quilt ɗin ba asalin Turancin Ingila ba ne, ta Faransanci ya shigo musu, tushensa culcita na Latin, wato katifa ko matashi da aka cusa wa wani abu. Su ba su ji kunyar aro ba.

Malamin Hausa: Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida. Na jiya da yamma baƙo ne. Kuma ku 'yan jami'a kun fi kowa lalata harshen nan, kuna rubuta digiri a kan Hausa kuna hira da Turanci a bakin ajin.

Ɗalibar BUK: To tela ma ya kwana biyu ai Malam, kakata da shi ta tashi. Shekara nawa ake yi kafin a ba kalma takardar zama ɗan ƙasa?

Ɗan Damagaram: Mu nan da santimita muke awo, kwatan incinku bai wuce milimita 6 da ɗan ɗori ba, in za a saurari shirin a wajenmu Hajiya ki faɗi duka biyun. Kuma kullum in ana irin wannan sai a yanke hukunci da Hausar Kano kamar mu ba mu da baki.

Ɗan Kwari: To kawo taku mu ji

Ɗan Damagaram: Ba mu da ita, amma dai a riƙa tambaya.

Uwar Biyu: Jama'a dan Allah Alhamis fa. Na san ba a fafe gora ranar tafiya amma ni jiya aka miƙo min goran.

Maman Ikram: Ki ce bargon faci kawai ko bargon tsumma, kowa zai gane

Uwar Biyu: Anti faci kuma ai toshe ɓula ne, nan kuwa sabon yadi ake saya a yayyanka da gangan. Tsumma kuma raini ne, mutanen nan garin Paducah da ke jihar tasu har gidan tarihi na quilt gare su tun 1991, mutane na zuwa kallo kamar zanen hannu.

Ɗalibar BUK: Amma fa tsumman ma yana da tarihinsa a can. Matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a Alabama, jikokin bayi, da tsofaffin wandunan aikin gona da buhuna suke haɗa nasu don maganin sanyi kawai, a 2002 aka baje su a gidan kayan fasaha na Houston daga nan New York, a 2006 har kan sarki aka buga da hotunansu. A Bangal, yankin Indiya da Bangladesh, ma akwai kantha da ake yi da tsofaffin sari, zannuwan matansu. Na yarda dai tsumma ba zai zama sunan sana'ar duka ba.

Baba Mai Keke: Kuna ta zuwa Amurka da Indiya, abin yana ƙofar gidanku. Ku ba ku kallon hawan sallah ne? Me dawakan 'yan lifidi suke sanye da shi? Yadi sama, yadi ƙasa, a tsakiya audugar rimi, a bi shi da ɗinki layi-layi don kar audugar ta taru waje ɗaya. Har fuskarsa ta sama sau da yawa ƙyallaye ne ja da fari da rawaya aka yanka masu kusurwa uku aka haɗa. In wannan ba shi ne abin da Hajiya ta kwatanta ba to ban san ɗinki ba.

Telan Fagge: Kai! Baba ka gama magana. Lifidi wallahi. Ina ganinsu duk hawan Daushe ban taɓa kawo wa raina ba.

Ɗalibar BUK: Kuma tsohuwar kalma ce sosai. A Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, an ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Malam ka ga wannan ta cika sharaɗinka, ta haura shekara 600, ko da yake ita ma ana danganta ta da libd na Larabci 🙈

Malamin Hausa: Lifidi kayan yaƙi ne, na doki da mahayi. Za ku ce wa Bahaushe wata tsohuwa a Amurka tana ɗinka wa jikarta lifidi ta shimfiɗa a gado? Zai ce yaƙi za a tura jaririyar? Kalma tana zuwa da kayanta. Haɗa-ka-lulluɓa ba ta da wannan matsalar.

Baba Mai Keke: Malam ban ce abin sunansa lifidi ba, na ce ɗinkin. Ɗinkin lifidi. Kamar yadda ake cewa ɗinkin hula ko saƙar tabarma ko da ba hula ko tabarma ake yi ba.

Ɗan Damagaram: Wannan mu ma mun san shi, dawakan fadar Sultan suna sawa. Na sa hannu.

Ɗan Kwari: Matasa nawa ne suka san lifidi yanzu? ka tare goma a Kwari ka tambaya, bakwai za su ce maka sunan magani ne

Maman Ikram: Ni ma gaskiya sai yau na san sunansa, da rigar doki nake cewa

Uwar Biyu: Rediyo ce, ina da damar jimla ɗaya ta bayani, "irin ɗinkin da ake wa lifidin dawakan sarki", shi ke nan an wuce. Saura ɗaya. Ayyukan da ta fara ba ta gama ba suna ce musu UFO, wasa ne da sunan abin nan da ake cewa ana gani a sararin sama, su kuma suna nufin abin da ba a ƙarasa ba. Ta ce mai shago ba ta da lokacin nata ɗinkin, duk sabon yadin da ya shigo sai ta ɗinka samfuri ta rataye don shi ke sa a saya, ga aji, ga na kwastoma mai ranar biki, sai ta ware wa kowane aiki akwatinsa da takarda a kai ta rubuta inda ta tsaya.

Telan Fagge: Taura biyu ba ta taunuwa, ita kuwa ta cika baki da goma. Wannan ai mu ne. Akwai shaddata da na yanka wa kaina tun azumin bara tana nan ƙarƙashin tebur, ranar sallah da tsohuwar riga na je idi. Ki kira su dawo-gobe.

Maman Ikram: Dawo-gobe kuma ai kayanmu ne da kuke riƙewa, ba naku ba. Telana ya ci min sallah biyu da leshi ɗaya

Telan Fagge: Anti ba ni ba ne dai ko

Ɗalibar BUK: Kwantan ɗinki fa? daga kwantai

Ɗan Kwari: Kwantai kayan da aka gama ne ba a saya ba, ki bar mana kalmarmu. Dawo-gobe ta fi, za a yi dariya kamar yadda su ma suke yi da tasu.

Malamin Hausa: Abin mamaki. Dawo-gobe ƙirarta ɗaya da tawa sak, amma ita kun karɓa don tela ne ya faɗa.

Uwar Biyu: To ga abin da zan kai studiyo. Haɗa fuskar sama: haɗin ƙyalle. Quilting: ɗinkin lifidi, da bayani sau ɗaya a farko. Audugar tsakiya: ciko. Yadin ƙasa: shafi, kamar na babbar riga. Seam allowance: rarar bakin ɗinki, rubu'in inci wato kimanin milimita 6, Malam ka ga na ba ka rubu'i, Ɗan Damagaram ka ga na ba ka milimita. UFO dawo-gobe. Shi quilt ɗin kansa ne har yanzu ban gamsu ba, zan ce bargon haɗin ƙyalle a karon farko, daga nan in ci gaba da cewa kwilt don ya yi tsawo a baki.

Malamin Hausa: Kwilt. Bayan duk wannan. To Allah ya kyauta. Ɗinkin lifidi ban ƙi ba, tunda dattijo ne ya kawo, amma ki rubuta haɗa-ka-lulluɓa a gefen takarda ko mai gabatarwa zai fi ku kunne.

Uwar Biyu: Zan rubuta Malam, da fensir.

Baba Mai Keke: Ƙarfe nawa ake sa shirin? ina so yaran shago su ji wajen salatif ɗin nan, ni in na faɗa ba sa ji.