Shawarar mai horar da ni ta haɗa ni faɗa da dattijo

Assalamu alaikum. An ba ni manaja a wani kamfanin jigilar kaya a Apapa, aka haɗa ni da mai horar da shugabanni. Wata 4 ke nan muna ganawa ta Zoom.

Akwai dattijo a ƙarƙashina, ɗan Agege, sa'an mahaifina, kullum rahotonsa a makare. Ta ce in kalli tsabar idonsa in yi masa gyara kai tsaye. Na gwada ranar Litinin, yanzu ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa, rahoton ma bai zo ba. Na gaya mata, ta ce in ƙara dagewa.

Yaya zan fahimtar da ita cewa mu ba a yi wa babba haka, ba tare da ta ɗauka tsoro nake ji ba?