Neman shawara: wace gasar tseren babura zan fara haskawa a gidan kallona?

Mai Gidan Kallo, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Gidan kallon ƙwallo nake da shi a Tudun Wada, kuma wasu samari masu zuwa wurina sun matsa mini lamba in riƙa kunna musu tseren babura ranar Lahadi kafin a take wasan Firimiya. Ni ma abin ya shiga raina, tun da na ga yadda ake kwantar da mashin a kwana har gwiwa na gogar kwalta. Sai dai bakinsu bai zo ɗaya ba. Wannan ya ce MotoGP, wancan ya ce Superbike, wani kuma ya nuna mini a wayarsa masu gudu a tsakanin gidajen mutane, ya ce wannan ce ta maza. Ku da kuka daɗe kuna bi, wacce zan fara da ita, wadda baƙo zai zauna har a tashi? Kun san kuɗin man janareta yanzu. Sannan ina tsoron kar in zama sanadin koya wa yaran unguwa ganganci.

Ɗan Kawo:
Wa alaikumus salam, Yaya. Kar ka wahalar da kanka, MotoGP za ka fara da ita. Ita ce ƙololuwar gasar duniya da aka soma tun 1949, kuma lokacinta ya yi maka daidai. Idan a Turai ake yi, yawanci ƙarfe 1 na rana agogonmu ake tashi, cikin minti 45 an gama, kafin 'yan ƙwallo su cika benci. Sai dai ka duba lokacin azahar na masallacinku, ka san yadda za ka tsara. Na Japan da Ostireliya da asuba suke faɗo mana, waɗannan sai maimaici.

Amma ka sani, mashin kaɗai ba ya zaunar da mutum, sai ya san wanda ke kai. Ka ba su labarin Marc Marquez mai lamba 93. Ya ci gasar sau 6 a kan Honda, sai ya faɗi a filin tseren Jerez na Sifaniya a 2020, hannunsa na dama ya karye, aka yi masa tiyata har sau 4, mutane da yawa suka ce tasa ta ƙare. Ya bar Honda, ya hau Ducati, ya sake zama zakara a 2025. Wallahi ranar da ya tabbatar da kambun a Japan ya yi ta kuka, ni ma sai da idona ya ciko. Masoyan abokin hamayyarsa Valentino Rossi kuwa har gobe ba su yafe masa karon da suka yi a filin Sepang na Malesiya a 2015 ba. Ka samu ɓangarorin nan biyu a ɗaki ɗaya, ka ga ko za a rasa musu.

Bakaniken Panteka:
Bari in yi maka bayanin ƙarfen, Alhaji, don a nan bambancin yake. Mashin ɗin MotoGP ba a sayar da shi a ko'ina, don tsere kaɗai kamfani ke ƙera shi: Ducati, Aprilia, KTM, Honda da Yamaha. Injin 1000cc ne, faifan birkinsa na kabon ne wanda sai ya ɗau zafi yake kamawa, ga 'yan fukafukai a gaba masu danne tayar kar ta tashi. Daga 2027 za a rage injin zuwa 850cc. Brad Binder ɗan Afirka ta Kudu ya taka kilomita 366.1 a awa ɗaya a filin Mugello na Italiya a 2023. Boxer ɗin da nake kwancewa kullum 100cc ne, ka kwatanta.

Na Superbike kuma asalinsa mashin ɗin kasuwa ne, irin Panigale ko R1 ko Ninja da mai kuɗi zai iya saye, aka gyara shi don fili.

Mai Lamba 54:
Ni fa ban yarda a ture Superbike gefe ba. Tun 1988 ake yin ta, kuma tsere 3 ake yi duk ƙarshen makon gasa, ɗaya Asabar, biyu Lahadi. A can Jonathan Rea ya ci kambu 6 a jere a kan Kawasaki, daga 2015 zuwa 2020, har Toprak Razgatlioglu ɗan Turkiyya ya karya masa lago a 2021. Duk wanda ya ga yadda Toprak ke taka birki a makare, tayar baya na lilo a sama ya kutsa kwana, ba ya mantawa. A MotoGP ta yanzu wani lokaci na gaba ya tsere, sauran su bi layi har ƙarshe. Baƙo zai yi hamma.

Ɗan Kawo:
Gaskiyarka a kan bin layin, fukafukan nan sun sa wuce mutum ya yi wuya. Amma Toprak ɗin naka ai ya tattara ya koma MotoGP a 2026 a kan Yamaha. Maganin hamma kuma Moto3 ne. Yaya, idan za ka iya buɗewa da hantsi, ka kunna musu ita. Ƙananan injina ne 250cc, yara matasa ke kai, sai ka ga goma sha wani abu a dunƙule, kowa na fakewa a bayan na gabansa don iska ta rage masa, wanda yake na bakwai a farkon zagayen ƙarshe ya zo ya ci. Akwai kuma gajeren tseren MotoGP na ranar Asabar da aka ƙaro tun 2023, rabin zangon na Lahadi, na ɗaya ya kwashi maki 12 maimakon 25.

Maman Yara, Barnawa:
Malam, ni tsoron naka ne ya tsayar da ni. Na yi aikin jinya, na ga abin da wasan mashin a ranar ɗaurin aure ke jawowa: yaro da silifas, ba hular kwano, a kawo shi kai a fashe, uwarsa na bin gadon tana salati. Ban ce kar ka haska ba. Amma idan ɗan tsere ya faɗi ya miƙe yana kakkaɓe jiki, kar ka bari a tsaya a ihu. Ka nuna musu rigar fatar da ke jikinsa mai jakar iska a ciki, da tsakuwar da aka shimfiɗa a gefen fili don ta tsayar da shi, da likitocin da ke jira, ga shi ba tirela ba Keke Napep. Bayafas ɗinmu ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan.

Dattijon Unguwar Rimi:
Hajiya ta yi magana. Ɗana, wadda aka nuna maka a waya Isle of Man TT ce, a wani tsibiri tsakanin Ingila da Ailan, tun 1907. Titin gari ake rufewa, zagaye ɗaya kusan kilomita 60, katanga da turakun lantarki a gefe. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin su, da agogo ake tsere. Ina girmama su ƙwarai, musamman gidan Dunlop: Joey ya ci sau 26, ɗan ƙaninsa Michael ya zarce shi a 2024. Amma Joey da ƙaninsa Robert da William ɗan Robert duk a tseren kan titi suka rasu. Ita ce ba zan so ka kunna wa yara ba, domin titinta ya yi kama da wanda za su hau in sun fita daga wurinka. Sau ɗaya ma ake yin ta a shekara, ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, ba za ta riƙe maka kasuwa ba.

Mai Gidan Kallo, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na ji, TT ba za ta shiga ɗakina ba. Zan fara da MotoGP da Moto3, Superbike kuma duk Lahadin da babu waccan. Makon farko kyauta zan buɗe. Ɗan Kawo, ko za ka daure ka zo ka zauna kusa da talabijin kana yi musu bayani da Hausa? Turancin masu sharhin nan gudu yake yi.

Ɗan Kawo:
In sha Allahu zan zo, Yaya. Ka tanadi allo da alli, mu riƙa rubuta sunayen goma na farko da lambobinsu da makinsu bayan kowane tsere. Mai Lamba 54, kai ma ka taho, ɓangaren Toprak na hannunka.