Kowa ya ci ladan kuturu

Ɗan Bukuru: Assalamu alaikum. Jiya bayan la'asar gardama ta kaure a majalisarmu kan kududdufan da haƙar kuza ta bari a Filato, sai wani dattijo ya ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, yana nufin gwamnatin tarayya ce za ta cike ramukan. Shin karin maganar ta zauna a nan?

Na Anka: Wa alaikumus salam. Ta zauna, domin tsarin mulkin 1999 ya bar ma'adinai a hannun tarayya, ita ke ba da lasisi, ita ke karɓar kuɗi. Sai dai dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa ga gwamna, to idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A Zamfara gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara aƙalla 400 a 2010, amma sai 2013 aka saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar ƙauyen Bagega.

Hajiya Barkin Ladi: Malam, ka manta da wanda ya fara cin ladan. Kakata, Allah ya jiƙanta, ta yi shekaru tana sayar wa leburorin kuza fura. Da akuyarta mai ciki ta faɗa rami, mai unguwa ya tura ta wurin akawun kamfani, akawu ya ce sun tashi daga wannan fili, ya maido ta wurin mai unguwa. Daga ranar, duk safiya sai ta juye ƙwaryar toka a ramin, tana cewa wanzami ya karɓi lada ya hau jirgin Ingila da askarsa. Har ta rasu ramin bai san tana yi ba.

Mai Shayi: Allah ya jiƙan Kaka, ta fi wani mai neman kujera da ya yi mana alkawarin kiwon kifi a ramukan, wanda tun ranar zaɓe ko tarwaɗa ba mu gani ba, balle shi.

Na Anka: Ni har yanzu ban gane wane ne kuturun ba, ƙasar ce ko mu?

Manomi: Kafin ku tantance, don Allah kada a cike namu, domin da ruwansa muke noman dankali da kabeji da rani.