"Baki shi ke yanka wuya": a kan wa ake faɗinta?

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Jiya a majalisarmu ta shayi aka tayar da zancen Norbert Zongo, ɗan jaridar Burkina Faso da aka kashe ranar 13 ga Disamba 1998. Ga wanda bai san labarin ba, shi ne mai jaridar L'Indépendant, ya kuma nace kan bin diddigin mutuwar David Ouédraogo, direban François Compaoré, ƙanen shugaban ƙasa na lokacin, Blaise Compaoré. Satar kuɗi aka ɗora wa direban, dogaran fadar shugaban ƙasa suka gana masa azaba har ya cika. Zongo ya ƙi sakin maganar. Ƙarshenta aka tsinci gawarsa da ta mutum uku cikin mota, sun ƙone ƙurmus, kusa da Sapouy. Ana gama ba da labarin sai wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce, "Ai baki shi ke yanka wuya." Kowa ya yi tsit. Ni dai abin ya tsaya mini a rai. Nan ne muhallinta?

Malam Na-Allo: Wa alaikumus salam. Ta fuskar Hausa dattijon bai kauce ba. Ma'anarta, abin da mutum ya furta shi ke jawo masa halaka. 'Yar'uwar "magana zarar bunu ce". Ana faɗa wa mai kai gulma, da mai cika baki, da yaron da bai san gaban wa yake ba.

Uwar Biyu: Allah gafarta Malam, duk waɗanda ka lissafa masu laifi ne. Shi Zongo gulma ya kai? Tambaya ya yi: wa ya kashe direba? Ku duba karin maganar da kyau, akwai baki, akwai wuya, amma babu wuƙa, babu hannun da ya riƙe ta. An ɓatar da mahauci, an bar rago da laifin yanka kansa. Shi ya sa masu mulki suke sonta.

Baba Mai Rediyo: Hajiya kin sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Ina saurayi aka kafa Doka ta 4 a Najeriya a 1984, zamanin soja. Ba ƙarya kaɗai ta hana ba, har abin da zai jawo wa gwamnati ko jami'anta raini. Da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda a kan labarin naɗin jakadu. Bayan shekara 2 aka kai wa Dele Giwa, editan mujallar Newswatch, bam cikin ambulan har gidansa a Legas, ya kashe shi. A duka biyun na ji wannan karin maganar a bakin mutane, kuma ba don mugunta suke faɗi ba. Tsoro ne. In ka ce bakinsa ya ja masa, ka samu kwanciyar hankali cewa kai da ka kama bakinka ka tsira.

Sarkin Musu: Ni fa ban yarda a mai da kowane mai riƙe da makirufo waliyyi ba. Akwai masu karɓar na goro su wanke ɓarawo, akwai masu yi wa mutum barazana da labari sai ya biya. Ku tuna gidan rediyon RTLM da ya riƙa zuga kisan kiyashi a Ruwanda a 1994. Can baki ya yanka wuya na gaske, wuyan dubban Tutsi. Da an toshe wannan bakin da wuri fa?

Uwar Biyu: Yaya, wa zai toshe shi? Ai rediyon na 'yan gaban goshin masu mulki ne. Bakin da ke yi wa gwamnati kirari ba shi ake rufewa ba.

Sarkin Musu: Wannan kam na ba ki. Amma maganar na goro tana nan.

'Yar Jarida A Da: Tana nan, ban musa ba, na gani da idona. Na yi aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa. Wata rana na je wani asibitin karkara, na naɗo muryar mata suna cewa da fitilar waya ake karɓar haihuwa. Saura minti 20 a fara labaran yamma editanmu ya amsa waya, yana ta "to ranka ya daɗe, to ranka ya daɗe". Ya ajiye, ya zare takardata daga cikin jerin, ya ninke ta biyu ya miƙo mini. Ya ce, "Ƙanwata, baki shi ke yanka wuya, kuma tallan gwamnati shi ke biyan albashinki." Ba a kama kowa ba, ba a doki kowa ba. Waƙa aka sa a gurbin rahoton. Daga ranar ni da kaina nake tace abin da zan kawo, tun kafin a ce mini.

Ɗalibin Zariya: Anti, abin da ya same ki a ƙaramin ɗaki shi ake yi da doka a manyan ƙasashe. A Maris 2022, bayan ta kai hari Ukraine, Rasha ta yi dokar ɗaurin da zai iya kai shekara 15 kan abin da ta kira labarin ƙarya game da sojojinta. Kalmar "yaƙi" kanta ta zama abin tsoro. A cikin watan Maris ɗin jaridar Novaya Gazeta ta dakatar da fitowa, alhali editanta Dmitry Muratov bai daɗe da karɓar lambar Nobel ta 2021 ba. A Hong Kong kuma asusun jaridar Apple Daily aka rufe, aka kama manyanta, ta mutu a Yuni 2021. Bugunta na ƙarshe kwafi miliyan 1 aka buga, mutane suka yi layi tun da dare. A wurina wadda ta dace ita ce "mai kaza a aljihu ba ya jimirin as".

Malam Na-Allo: Na saurara, kuma zan gyara maganata ko da ban janye ta ba. Karin magana tana da lokaci, tana da mai faɗi. Uwa ta riƙo hannun ɗanta zai fita aiki ta ce masa baki shi ke yanka wuya, wannan ƙauna ce, ba wanda zai ga laifinta. Mai iko ya faɗa wa na ƙasa da shi, kamar editan nan, ta zama kashedi. A faɗe ta kuma a kan gawa, to an yanke wa mamaci hukunci an sallami wanda ya kashe shi. Dattijonku ya yi Hausa daidai, lokacin ne bai yi ba. Ga gwamnatoci kuwa akwai tasu: gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Baba Mai Rediyo: Malam, ai su ko "gyara" ɗin ba sa son ji.

Ɗan Damagaram: Na gode ƙwarai. Abin da ban faɗa ba ɗazu: a 2006 kotun Burkina ta kori ƙarar kisan Zongo, sai a 2014 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Arusha ta ce ƙasar ta yi sakaci wajen bincike. A shekarar ce jama'a suka kori Blaise Compaoré, yau kuma jami'ar Koudougou sunan Zongo take amsawa. Zan kai wa dattijon maganar Malam, amma sai na lallaɓa, domin kawun abokina ne kuma a ƙofar gidansa muke shan shayin.